Garwa da Rikicin Lambar Yabo

A watan Yunin 1915 Ingila da Faransa suka ƙwace Garwa daga hannun Jamus. Cikin kamammu akwai Chari Maigumeri, wanda daga baya ya shiga sojan Ingila, ya yi yaƙi har Bama, ya sami lambar jarumta. A zamaninsa, irin wannan lamba sai wanda ya tunkari harsashi.

Bayan shekara ɗari cif, Amurka ta girke sojoji a Garwa da jirage marasa matuƙi, saboda Boko Haram. Masu sarrafa irin waɗannan jirage daga nesa ne sakataren tsaro Leon Panetta ya ƙirƙiro wa lamba a 2013, ya ɗora ta sama da Purple Heart, wato lambar waɗanda aka raunata. Tsofaffin sojoji suka ce ba za ta saɓu ba. Bayan wata biyu magajinsa, Chuck Hagel, ya soke ta.