Cocin Wusasa: Ginin Ƙasa da Ya Raini Manyan Arewa

A gindin dutsen Wusasa, yamma da birnin Zariya, akwai majami'ar St Bartholomew, ginin ƙasa da ke tsaye tun 1929. Ya kamata duk ɗan Arewa mai son sanin tarihinsa ya ziyarce ta, Kirista ne ko Musulmi, domin gadon ƙasar Hausa ce.

Asalinta ya faro ne a 1900, lokacin da tawagar mishan ta CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame ta, ta koma ta yada zango a Girku. Cikin tawagar akwai wani matashin likita, Walter Miller. A 1905 ya sami izinin zama cikin birnin Zariya, inda ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar yara maza. Daga baya wasu daga cikin Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim na Kano masu girmama Annabi Isa, suka karɓi Kiristanci, 'ya'yansu suka shiga makarantar. Zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai kwanta wa sarauta ba, bai kuma yi wa Turawan mulki daɗi ba, don haka aka mai da shi bayan ganuwa, zuwa Wusasa. A nan coci da makaranta da asibitin St Luke suka kafu tare.

Abin da wurin ya haifar ya fi girmansa nesa ba kusa ba. Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda Miller ya yi wa hidimar shekaru tare da abokan aikinsa Hausawa, ta fito a 1932. Daga wannan al'umma aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta. Daga nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Wani zai ce ai mishan ɗan rakiyar mulkin mallaka ne, don me za a girmama abin da ya bari? Gaskiya ne tare suka zo, kuma Miller bai ɓoye burinsa na juyar da Musulmi ba. Sai dai gwamnatin Turawa ta sha taka wa mishan birki a masarautu, kuma ginin kansa shaida ne: da tubali da azara aka tada shi, bisa fasahar maginan Zazzau, irin wadda ta ɗaga masallacin Juma'a na birni. Da Hausa ake wa'azi da waƙa a cikinsa. Kiyaye tarihi ba ya nufin amincewa da duk abin da aka aikata a cikinsa.

Wani kuma zai ce ginin ƙasa wahala ne, gara siminti. Lallai yana son yaɓe da kula kowace damina, amma wannan kulawar ce ke raya sana'ar magina da ke neman ɓacewa. Hakkin hukumomin adana kayan tarihi ne su tallafa wa gyaransa, hakkin makarantu kuma su riƙa kai ɗalibai, su ga cewa Hausawa Kirista da Musulmi sun daɗe suna zaman maƙwabtaka a ƙasar Zazzau.