Kyamarar tsaro mai gani da dare: yadda take aiki da abin dubawa kafin a saya

Yawancin fasa shago da satar kaya cikin dare ake yin su, bayan an tashi kasuwa. Shi ya sa 'yan kasuwa da masu gidaje a wurare irin su Mile 12 da Agege a Legas, ko Sabo a Ibadan, suke ta saka kyamarorin CCTV. Sai dai wani zai kashe kuɗi ya saka, ranar da aka yi masa ɓarna ya kunna bidiyon, ya ga inuwa kawai tana wucewa, ba fuska ba kamanni. Dalili kuwa shi ne ba kowace kyamara ce take iya aiki a duhu ba.

Yadda kyamara take gani

A cikin kowace kyamara akwai ɗan ƙaramin faifai da ake kira sensa, wanda yake karɓar haske ya mayar da shi hoto. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro nau'in CCD a Amurka a 1969, har aka ba su kyautar Nobel a 2009. A yau kusan duk kyamarorin tsaro da nau'in CMOS suke aiki, saboda ya fi araha kuma ba ya cin wuta sosai.

Ana auna haske da ma'aunin luks. Rana tsaka takan kai luks 100,000, ofis mai fitila yana tsakanin 300 zuwa 500, farin wata kuwa bai kai luks 1 ba. Ka ga ke nan da dare ɗan abin da yake shiga sensa kaɗan ne ƙwarai. Hanyoyi uku ake bi a magance wannan.

Ta farko: hasken infirared

Wannan ce ta fi yawa a kasuwa, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Infirared haske ne da idon mutum ba ya gani, William Herschel ne ya gano shi a 1800. Kyamarar tana da ƙananan fitilu kewaye da idonta. Da duhu ya yi sai su kunna kansu, wani ɗan gilashi da yake tare wannan haske da rana ya gusa gefe. Wannan ce 'yar ƙarar “ƙyas” da ake ji daga kyamara da magariba.

Fitilun iri biyu ne. Mai nanomita 850 tana ɗan yin ja idan ka kalle ta, amma ta fi kai haske nesa. Mai 940 ba a ganin ta sam, sai dai zangonta ya fi gajarta. Illar wannan hanya ita ce hoton fari da baƙi ne. Ba za ka iya cewa rigar ɓarawo ja ce ko shuɗiya ba, balle kalar babur ɗinsa.

Ta biyu: mai kala cikin dare

Wannan tana tattara ɗan hasken da ke wurin, kamar na fitilar titi ko ƙwan ƙofar maƙwabci, ta fitar da hoto mai kala. Sony tana yin sensa mai suna STARVIS don irin wannan aiki, Hikvision tana da ColorVu, Dahua kuma tana da Full-color. Abu biyu ne suke ba ta ƙarfi. Na ɗaya girman sensa: mai lamba 1/1.8 ya fi mai 1/2.8 girma, don haka ya fi kama haske. Na biyu faɗin ƙofar ido, wanda ake rubutawa da harafin F. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, F1.0 tana shigar da haske ninki huɗu na F2.0.

A lura fa, in duhu ya yi ƙirin babu haske ko kaɗan, ita ma ba ta da abin da za ta tattara. Shi ya sa da yawansu suke da farar fitila a jiki. Akwai masu haɗa biyun: suna zaune a infirared, in suka ga motsi sai su kunna farar fitila su koma kala.

Ta uku: mai ganin zafin jiki

Ita wannan ba ruwanta da haske, zafin da jikin mutum ko dabba ko injin mota yake fitarwa take kamawa. Tana hango mutum daga nesa ko cikin hayaƙi, don haka ta dace da babban fili kamar kara ko garejin manyan motoci. Amma ba ta nuna fuska, ba ta gani ta cikin gilashi, kuma tana da tsada.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. In aka cusa fiksel da yawa a ƙaramin sensa, kowanne ƙanƙancewa yake yi, hoton dare ya cika da ɗigo-ɗigo. Lambar luks da ke jikin kwali ma a yi hattara da ita, don wasu kyamarorin suna samun hoto mai haske ne ta hanyar jinkirta ɗauka. Bango da ƙofa su fito tas, amma mutum mai tafiya ya zama kamar hayaƙi. Ko a Alaba ko a Computer Village za ka saya, ka ce a gwada maka a ɗaki mai duhu, wani ya gitta ta gabanta, ka ga ko fuskarsa ta fito.

Ka kuma san abin da kake nema. Ganin cewa wani ya shigo daban, gane ko wane ne daban. Ƙa'idar IEC 62676-4 a bugunta na 2014 ta sa fiksel 25 a kowace mita don a hango mutum, 250 kuma don a tantance shi. Kyamara ɗaya da ta kama layi gaba ɗaya ba za ta ba ka fuska ba, sai an ƙara wata dab da ƙofa.

A kudu damina tana da tsawo, ga danshi. Wadda za ta zauna a waje ta kasance mai lambar IP66 ko IP67, wato ƙura ba ta shiga, kuma tana jure ruwa.

Wajen ɗaurawa da kulawa

A ɗaura ta kamar mita biyu da rabi zuwa uku daga ƙasa. In ta yi sama da yawa, hula da tsakiyar kai kawai za ta riƙa ɗauka. Kada a sa mai infirared a bayan gilashin taga ko dab da farin bango, hasken zai dawo ya makantar da ita. Kada kuma ta fuskanci fitila kai tsaye. Ƙwari suna taruwa a fitilarta, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa, ga ƙurar hunturu, don haka a riƙa share idon da tsumma mai laushi.

Sai batun wuta. In NEPA ta ɗauke, kyamara da na'urar ajiyar bidiyo duk sun mutu, kuma lokacin ne unguwa ta fi duhu. A haɗa su da inbata ko sola da batirin da zai kai asuba. A gyara kwanan wata da agogon na'urar, don bidiyon ya yi amfani in an kai wa 'yan sanda. Na'urar kanta a ɓoye ta, in ba haka ba ɓarawo zai tafi da ita. A canza lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, musamman in an jona ta da intanet.

Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma hoton fuskar mutum yana cikin bayanansa. A saita kyamara kan ƙofarka da shagonka, kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci inda iyalinsa suke.