Wane Launi Ne Jirgin? Yadda Ake Gano Fenti Da Lambar Layin Dogon Da Ya Mutu

A ce yau an miƙo maka tsohon hoton jirgin ƙasa, baƙi da fari, aka ce ka yi wa taragon da ke ciki fenti daidai yadda yake ranar da aka ɗauki hoton. Kamfanin da ya mallaki jirgin ya daɗe da rugujewa, masu fentin sun rasu, an sayar da ƙarafunan a gwanjo. Ta ina za ka fara? Wannan ita ce matsalar da masu farfaɗo da tsofaffin layukan dogo suke fama da ita, kuma akwai wani ɗan gajeren layi a Ingila da labarinsa zai nuna maka yadda ake warware ta.

Layin ya haɗa garuruwan Lynton da Barnstaple a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila. An buɗe shi a watan Mayu na 1898, tsawonsa wajen mil 19, kuma siriri ne ƙwarai, domin tazarar da ke tsakanin ƙarafunan dogonsa ba ta cika ƙafa biyu ba. Kawunan jirgi uku na farko kamfanin Manning Wardle na Leeds ne ya ƙera su, aka raɗa musu sunayen kogunan yankin: Yeo, Exe da Taw. Na huɗu, Lyn, daga kamfanin Baldwin na Amurka aka sayo shi. A 1923 babban kamfanin Southern Railway ya karɓi layin, ya ƙara kan jirgi na biyar mai suna Lew a 1925. Amma motoci sun riga sun soma janye fasinjoji, kuɗin shiga bai isa ba. Ranar 29 ga Satumba 1935 jirgi na ƙarshe ya bi layin.

Daga nan komai ya watse. An yayyanka kawuna huɗu aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Lew kaɗai ya tsira, aka yi aikin cire dogon da shi, sannan a 1936 aka loda shi a jirgin ruwa zuwa Brazil, inda labarinsa ya ɓace. Wasu taragun mutane suka saya, suka mai da su rumfar shan iska a lambu. To da masu sa kai suka tashi dawo da layin, har jirgi ya sake ɗaukar fasinja daga tashar Woody Bay a 2004, dole suka koma ga ɗan abin da ya rage don sanin kamannin abin da suke ginawa.

Shaida ta farko ita ce lamba. Southern ta ba kawunan nan lambobinta: Yeo 759, Exe 760, Taw 761, Lyn 762, Lew kuma 188, da harafin E a gaba, wanda ke nufin babbar ma'aikatarta ta Eastleigh. Ka ga wannan ya zama kalanda. Duk hoton da ka ga lamba 759 a jikin Yeo, ka san ba a ɗauke shi kafin 1923 ba. Daga 1931 kuma kamfanin ya soma daina amfani da harafin, don haka rashinsa ma yana gaya maka wani abu. Sai dai lambar fenti tana canzawa duk lokacin da jirgi ya canza ubangida. Wadda ba ta canzawa ita ce lambar maƙera, da ake zubawa a farantin ƙarfe a liƙa a jikin injin. Ta Yeo 1361 ce, ta Lew 2042. Inda za a tsinci wani tsohon inji a gonar rake a Brazil, wannan lambar mai bincike zai fara nema, ko an yi masa fenti sau goma.

Launi ya fi lamba wahala, domin hoto yana ruɗi. Farantan ɗaukar hoto na ƙarshen ƙarni na 19 ba sa jin jan haske. Abin da yake ja sai ya fito baƙi ƙirin, shuɗi kuwa ya fito fari-fari. Farantan da ke jin dukkan launuka sun shiga kasuwa a Ingila a 1906, amma an daɗe ana aiki da tsofaffin. Taragun Lynton na farko an yi musu launin jar ƙasa a ƙasa, fari a sama. A irin wancan hoton, jar ƙasar ba za ka bambanta ta da baƙi ko kore mai duhu ba. Ga wani tarkon kuma: kamfanonin ƙera jirgi sun saba shafa wa sabon inji fenti ruwan toka na wucin gadi ranar ɗaukar hotonsa, don kowane lungu ya fito sarai. Wanda ya dogara da wannan hoton zai rantse jirgin ruwan toka ne, alhali bai taɓa fita aiki da wannan launin ba. Tunanin tsofaffi ma yana taimakawa, amma kore iri-iri ne, kuma mutum biyu da suka hau jirgi ɗaya suna yara da wuya su nuna maka kore ɗaya.

Shi ya sa ake komawa ga jikin taragon. Ana kankaro ɗan fentin da bai fi ƙwayar gero ba, daga wurin da rana da ruwa ba su ci ba, kamar bayan marfin ƙofa ko ƙarƙashin wani ƙarfe. A dasa shi cikin roba mai tauri, a goge gefensa ya yi sumul, a duba da madubin ƙara girma. Abin da za ka gani shimfiɗu ne hawa-hawa, na ƙasa shi ne mafi tsufa. Siririn layin datti tsakanin hawa biyu yana nuna cewa na ƙasan ya sha iska da hayaƙi, wato jirgin ya yi aiki da wannan launin. Inda babu datti, share fage ne kawai aka yi kafin ainihin fentin.

Kimiyyar sinadarai tana ƙara tabbaci. Akwai na'urar da ke harba hasken eksire kan fenti ta karanto ƙarafan da ke ciki. Farin fentin zamanin da na dalma ne. Farin taitaniyam bai yaɗu a kasuwa ba sai wajen shekarun 1920, don haka hawan da ke ɗauke da shi ba na 1898 ba ne. Sai kuma a yi hattara da man ƙyallin da ake shafawa a kan fenti, domin yana rikiɗa ruwan ɗorawa idan ya tsufa, ya sa shuɗi ya yi kama da kore. Haruffan da aka rufe ma ba sa ɓata gaba ɗaya. Haska fitila daga gefe, kusa da jikin katakon, za ka ga tudun tsohon rubutu ya yi inuwa.

Yanzu ka gane darajar tarago mai lamba 2 na layin Lynton. Ya yi shekaru a lambun wani gida, yau yana gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York, kuma an bar shi ba tare da an sabunta shi ba. Da an kankare shi an yi masa sabon fenti, da ya fi kyan gani, amma da an share shaidar da ba ta da kwafi. Ɗan'uwansa mai lamba 15 wata hanya ya bi: a 1959 aka kai shi layin Ffestiniog a Wales, aka gyara shi, ya koma ɗaukar fasinja da sabuwar lamba, 14. Duka biyun an cece su, amma ɗayan ne kawai za ka iya yi wa tambaya a kan fentin da.

Ko bayan an gama bincike, akwai hukuncin da na'ura ba ta yankewa. Tarago ɗaya ya sa jar ƙasa da fari a zamanin kamfanin farko, ya sa kore a zamanin Southern, kuma kowanne gaskiya ne. Dole mai gyara ya zaɓi shekara ɗaya, ya sa launi da lamba da salon rubutu su yi daidai da ita. Dubi Lyd, sabon injin da aka gama ƙerawa a Wales a 2010 bisa fasalin Lew. An ba shi suna da lamba tasa, 190.

Mu ma muna da irin wannan layin. Ƙaramin dogon Bauchi, mai tazarar ƙafa biyu da rabi, ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya kai Jos da Bukuru a 1914 don jigilar kuza, aka rufe shi a 1957. An adana wasu daga cikin kayansa a gidan tarihi na Jos. Idan wata rana ka ci karo da tsohon tarago, ko farantin ƙarfe mai lamba, ko allon sunan tasha a irin wannan hanya, kada ka kankare, kada ka wanke da sinadari, kada ka sa fenti. Ɗauki hoto daga kowane gefe, rubuta lambobin yadda suke, ka rubuta inda ka gan shi, sannan ka sanar da gidan tarihi mafi kusa. Sabon fenti kullum ana iya sayensa a kasuwa. Na ƙarƙashin kuwa, in aka kankare shi sau ɗaya ya tafi ke nan.