Ƙin Rigakafin Shan Inna a Kano da Iyakar Wayar da Kai

Har yanzu ana samun masu ɗora ƙaurace wa rigakafin shan inna da aka yi a Kano, daga 2003 zuwa Yulin 2004, a kan jahilci, suna cewa maganinsa wayar da kai. Yadda lamarin ya gudana sananne ne (Jegede, 2007; Yahya, 2007; Renne, 2010). Fassarar nake ja da ita. Wanda ya fi kowa ɗaga murya cewa an gurɓata ɗigon da maganin hana haihuwa, Dakta Datti Ahmed, likita ne, kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Najeriya a wancan lokacin. Da wuya a ce ƙarancin karatu ne ya dame shi.

Tun 1957 masanin halayyar ɗan Adam Festinger ya nuna cewa idan hujja ta ci karo da abin da mutum ya daɗe yana riƙe da shi, sau da yawa hujjar yake tuhuma. Amma a Kano tuhumar tana da madogara. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, daga baya a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Ga yaƙin Iraƙi da ya ɓarke a Maris ɗin 2003. Ga kuma tambayar da masu bincike suka riƙa ji daga bakin iyaye: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigo kyauta, alhali idan zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ta kama yaro sai mun sayi magani? Magidancin da ya yi wannan lissafi ya kuskure sakamako, amma bai bar hankalinsa a gida ba.

Suka mafi ƙarfi a kan wannan matsayi ita ce: ai hujja ce ta kawo ƙarshen rikicin, tunda an kai ɗigon ɗakunan gwaji, aka tabbatar da lafiyarsa, Kano ta sauko. Wannan magana ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai jerin abubuwan bai goyi bayanta ba. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta tura ƙasashen waje ya riga ya wanke ɗigon watanni kafin Kano ta amince, jihar kuma ta ƙi karɓar sakamakon. Abin da ya sauya daga baya shi ne hannun da ya miƙo hujjar. Jihar ta tura nata mutanen, aka kuma samo ɗigon daga kamfanin Bio Farma na Indunusiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa. Mai suka zai ce wannan ma ai gwaji ne. Haka ne, amma da ingancin gwaji ne ke aiki, da na farko ya wadatar. Ina ganin, ko da yake ba zan iya shiga zuciyar kowa ba, cewa Indunusiya ta ba Gwamnan Kano na lokacin, Ibrahim Shekarau, da malamai ƙofar fita ba tare da sun ce wa mabiyansu sun yi kuskure ba. Wanda ya faɗi magana a kan mumbari ba ya janye ta da sauƙi, domin mutuncinsa na rataye da ita.

A nan dole in taƙaita da'awata. Abin da na kawo yana bayyana saukowar gwamnati ne kawai. A cikin gidaje ƙin ya ci gaba: a 2006 Najeriya ta samu yara fiye da 1,100 da cutar ta shanye, kuma a Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Ana yawan cewa kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar shi ya juya akalar, tunda adadin ya faɗo daga 388 a 2009 zuwa 21 a 2010. Raina yana son wannan bayani, domin hakimi da dagaci da mai unguwa mutane ne da magidanci ke jin nauyinsu. Amma a 2010 ɗin aka fara amfani da sabon ɗigo mai yaƙar nau'i biyu na ƙwayar cutar, kuma tun 2006 ake haɗa ɗigon da allurar ƙyanda da wasu kayan lafiya, abin da ya amsa tsohuwar tambayar iyaye a aikace. Alƙaluman ba su isa su raba mana rabon kowanne ba.

Haka kuma ba su nuna cewa mutane sun sauya aƙida ba. Uban da ya buɗe ƙofa saboda mai unguwa na tsaye a zaure yana iya ci gaba da zargin ɗigon a ransa, kuma takardun ma'aikatan rigakafi yaran da aka ɗiga wa suke ƙirgawa.