Daga Ɓatan Wata Zuwa Layi Biyu

A wurin kakanninmu mata, ciki ba ya tabbata rana ɗaya. Da farko sai a ce mace ta yi ɓatan wata, wanda ba lallai ya zama ciki ba. Sai laulayi ya biyo baya, tsofaffin gida su fara kallon ta ta wutsiyar ido. Ba a sakin jiki sai ɗa ya motsa, wajen wata na huɗu ko na biyar. Idan jini ya zo kafin nan, sau da yawa ba a ma kiran sa ɓari, sai a ce al'ada ce ta yi jinkiri. Wadda 'ya'yanta ke rasuwa suna ƙanana an san ta, mai wabi ce, har jaririnta kan samu suna irin su Ajuji. Wadda cikinta ke zubewa tun bai fito ba kuwa, a ɗaki baƙin cikinta yake ƙarewa, kuma in ta sake ɗauka sai ta ɓoye don tsoron baki.

Akwai kuma kwantaccen ciki. Mace ta yi ɓatan wata biyu ko uku, ta ga jini, ciki bai girma ba, sai a ce ya kwanta, zai tashi in lokacinsa ya yi. Wannan fahimta tana da gurbi a fiƙihun Malikiyya, inda aka yarda ciki na iya daɗewa har shekara biyar, kuma tana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta duba lokacin da ta wanke Amina Lawal a 2003. A cikin gida, amfaninta daban ne: mai kwantaccen ciki ba juya ba ce, kishiya ba ta da bakin yi mata gori. Illarta ita ce shekarun da kan tafi ana jiran cikin da ya riga ya zube.

Neman hanyar sanin ciki da wuri ya daɗe. Wata takardar Misira ta wajen shekara 1350 kafin Miladiyya ta ce mace ta riƙa zuba fitsarinta a kan alkama da sha'ir, in sun tsiro tana da ciki. Gwajin da za a iya dogara da shi bai samu ba sai a 1927, lokacin da Selmar Aschheim da Bernhard Zondek a Berlin suka gano cewa fitsarin mai ciki yana ɗauke da wani sinadari, wanda yau ake kira hCG. Sai a yi wa ƙananan ɓeraye mata allurar fitsarin, bayan kwana huɗu ko biyar a yanka su a duba ƙwansu. Daga baya aka koma zomaye. A farkon shekarun 1930 masana a Cape Town suka gano wani kwaɗon ruwa na kudancin Afirka da ke zuba ƙwai cikin kwana guda in an yi masa allurar, ba sai an kashe shi ba. Dubban kwaɗin nan aka yi ta lodi zuwa Turai da Amurka har shekarun 1960. Wato akwai zamanin da matar London ke jiran kwaɗon Afirka ya faɗa mata ko tana da juna biyu.

Wadda ta fitar da gwajin daga hannun likitoci ba likita ba ce. Margaret Crane mai zanen kwalayen kaya ce a kamfanin Organon a Amurka, ita ta tsara na'urar gwajin gida a 1967, aka fara sayar da ita a Kanada a 1971. A 1988 Clearblue ya fito da ɗan tsinken da ke ba da amsa cikin minti uku, kakan wanda muke saya yau a kowane kemis. Hoton ciki kuma, wanda muke kira sikanin, ya samo asali daga aikin Ian Donald a Glasgow a 1958.

Mu masu rubuta manhaja mun san wani abu game da awo: ranar da ka ƙara wa na'ura kaifin gani, kurakuran da take nunawa sukan yi yawa, alhali dama can suna nan. Haka ta faru da ciki. A 1988 Allen Wilcox da abokan aikinsa a Amurka suka buga sakamakon bin mata 221 masu neman haihuwa, suna auna fitsarinsu kullum. Kashi 31 cikin ɗari na cikin da aka ɗauka ya zube, kuma kashi 22 ya tafi tun kafin matan su san da shi. Cikin waɗanda hakan ta same su, kashi 95 sun ɗauki cikin da ya bayyana kafin shekara biyu. Abin da kaka za ta kira jinkirin al'ada, jikarta ta gan shi da idonta, layi biyu ranar Litinin, jini ranar Juma'a. Ga wadda ta taɓa ɓari, tsinken ya ƙara mata makonni na zullumi, tana leƙa zane duk sanda ta zaga.

Sanin ya zo da wuri, maganin bai biyo shi da sauri ba, kuma a wannan tazara aka yi ɓarna mafi muni. A 1938 aka haɗa wani sinadari a Birtaniya mai suna DES. Cikin shekarun 1940 wasu masana biyu na Harvard, George Smith da matarsa Olive, suka ba da shawarar a riƙa ba mata masu ciki shi don hana ɓari. Likitoci suka karɓa hannu bibbiyu, matan da suka sha shi da yawa suka haihu lafiya, kowa ya ce magani ya ci. A 1953 William Dieckmann a Chicago ya yi abin da ya kamata a fara da shi: ya raba mata gida biyu, wasu DES, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta. Bai rage ɓari ba. Duk da haka aka ci gaba da rubuta shi har shekara goma sha takwas. Sai a 1971 Arthur Herbst a Boston ya ba da rahoton 'yan mata takwas masu wata irin sankarar farji da ba a saba gani ga masu shekarunsu ba. Bakwai daga cikinsu, iyayensu sun sha DES suna ɗauke da cikinsu. Kafin a hana, miliyoyin mata sun riga sun sha.

Dalilin da ya sa aka ruɗu yana da sauƙi, kuma har yau yana ruɗar mu. Yawancin matan da suka yi ɓari, ko sau biyu ko uku ne, sukan haifi ciki na gaba ko ba su sha komai ba. Saboda haka duk abin da aka ba mace a wannan tsakani, allura ce ko saiwa ko garin da ake talla a WhatsApp, shi zai kwashi yabo. A 1975 Joëlle da André Boué a Faransa suka duba kusan ɓari 1,500, suka samu fiye da rabi yana da tangarɗa a kuromosom, zarurrukan da ke ɗauke da tsarin halittar ɗa. Irin wannan cikin tun ranar shigarsa ba mai zama ba ne. Daka ko ɗaukar bokiti ko hawa babur ba su suka zubar da shi ba, ko da uwar miji ta rantse.

Abin da aka tabbatar yana aiki kaɗan ne, kuma kowanne da matan da ya dace da su. Ɗaurin bakin mahaifa, wanda V. N. Shirodkar na Bombay ya bayyana a 1955, na masu bakin mahaifar da ke buɗewa a tsakiyar ciki ne. Asfirin da allurar hefarin na masu wata cutar daskarewar jini ne, wadda sai gwaji ke nunawa. Sinadarin furojestaron, da ake rubuta wa kusan kowa a wasu wurare, an gwada shi a Birtaniya a 2015 kan mata masu yawan ɓari, bai nuna amfani ba. A 2019 aka sake gwada shi kan mata 4,153 da suka ga jini a farkon ciki. A jimlace bambancin kaɗan ne, amma ga waɗanda suka yi ɓari uku ko fiye, kashi 72 suka haihu, a kan kashi 57 na waɗanda ba a ba su ba.

Binciken da ya fi tsaya mana a rai daga Norway yake, a 1984. Babill da Sverre Stray-Pedersen suka ɗauki matan da suka yi ɓari uku ko fiye ba tare da an gano dalili ba. Wasu aka riƙa ganin su kowane mako, ana duba su, ana sauraron su, ana kwantar musu da hankali. Kashi 86 suka haihu, a kan kashi 33 na waɗanda aka bari da awo na yau da kullum. Ba da ƙuri'a aka raba matan ba, don haka masana na riƙe alƙaluman da taka-tsantsan, sai dai an ga makamancinsu daga baya a New Zealand da London. A Birtaniya yanzu asibitoci da yawa suna da sashe na musamman don farkon ciki, inda wadda ta taɓa ɓari ke iya zuwa tun mako na shida ko na bakwai a nuna mata bugun zuciya. A nan wurinmu, mata da yawa ba sa yankar katin awo sai ciki ya turo riga, alhali mafi yawan ɓari cikin makonni goma sha biyun farko yake faruwa, lokacin da daga ita sai mijinta, wani zubin da mahaifiyarta, suka san da maganar.