Ba a fafe gora ranar tafiya: Kaduna da tarihin sulhu kan ɓatanci ga addini

A ranar 22 ga Agusta, 2002, shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan wata takarda a Kaduna, 11 Musulmi, 11 Kirista, a gaban gwamnan jihar na lokacin, Ahmed Mohammed Makarfi. A cikinta sun yi alkawarin yin tir da kisa da sunan Ubangiji, da hana mabiyansu tunzura juna, da haɗa kai wajen kare zaman lafiya. An tsara ta ne bisa salon yarjejeniyar Iskandariyya, wadda malaman Musulunci da na Kiristanci da na Yahudanci suka ƙulla a Masar a watan Janairun shekarar. Wata uku bayan sa hannun, garin Kaduna ya kama da wuta saboda wasu 'yan layuka da aka buga a jarida, aka kashe mutane wajen 250 cikin kwana uku.

Wanda ya tsaya a nan zai ce zaman limamai da fastoci ɓata lokaci ne. Sai dai a watan Fabrairun 2006, lokacin da fushin zanen ɓatanci na ƙasar Denmak ya ci rayuka a Maiduguri, ramuwar gayya kuma ta biyo baya a Onica, Kaduna ba ta shiga sahun garuruwan da suka ƙone ba, alhali ita ce aka fi jin tsoronta. Abin da ya canza tsakanin waɗannan shekaru biyu shi ne ya cancanci a duba, kuma asalinsa ya faro tun daga 1987.

A watan Maris na 1987, ɗaliban Kirista na Kwalejin Ilimi ta Kafanchan suka shirya taron wa'azi, suka gayyato Rabaran Abubakar Bako, wanda a da Musulmi ne. A cikin jawabinsa ya kawo ayoyin Alƙur'ani ya fassara su ta fuskar da ɗaliban Musulmi suka ɗauka cin zarafi ne ga Littafi da Manzon Allah (SAW). Gardama ta zama faɗa, faɗa ya fita daga makaranta ya shiga gari, aka ƙona masallatai. Da labari ya isa Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, sai majami'u masu yawa suka ƙone. Ƙasa dama tana kan siraɗi, domin shekara guda kafin nan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigar da Najeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, lamarin da ya raba kan jama'a. Gwamnatin ta kafa majalisar ba da shawara kan harkokin addini mai wakilai daidai wa daida daga ɓangarorin biyu, amma ba ta yi nisa ba. Mambobinta sun shiga zauren ne a matsayin lauyoyin ɓangarorinsu, kuma babu wata amana da ta haɗa su kafin a kira su.

Kafanchan ta kafa salon da aka yi ta maimaitawa. Magana takan fito daga bakin mutum ɗaya a wuri ɗaya, ta bi ta bakuna har ta rikiɗe, sannan a huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba a wani gari mai nisa. Haka aka gani a Kano a Oktoban 1991, lokacin da aka shirya zuwan mai wa'azin nan na Jamus, Reinhard Bonnke. A 1992 kuma rikicin Zangon Kataf, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa matsuguni da tsohuwar ƙullalliya kan sarauta da ƙasa, ya iso birnin Kaduna da rigar addini.

A wannan rikici na 1992 ne wasu matasa biyu suka yi asarar da ta sauya rayuwarsu. James Movel Wuye, jigo a reshen matasa na Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, wato CAN, ya rasa hannunsa na dama. Muhammad Nurayn Ashafa, ɗan gidan malamai kuma jagora a ƙungiyoyin matasan Musulmi, ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Kowannensu yana ganin mutanen ɗayan ne suka cuce shi. A 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa su a wurin wani taro a Kaduna, ya nemi su yi magana da juna. Sun fara ne da shirya muhawara, kowa da niyyar ƙure ɗan uwansa. Su da kansu sun sha bayyana cewa zargi bai gushe ba sai bayan shekaru. Ashafa ya ce abin da ya karya masa zuciya wata huɗubar Juma'a ce kan yadda Annabi (SAW) ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi. Wuye kuma wani babban fasto ne ya gargaɗe shi cewa mai ɗauke da ƙiyayya ba zai iya wa'azin Almasihu ba. Daga nan dandalin tattaunawar da suka kafa ya girma ya zama cibiyar sasanta mabiya addinai da ke Kaduna, wadda ta taka rawa wajen shirya yarjejeniyar 2002.

Kafin a kai ga yarjejeniyar, sai da Kaduna ta ga tashin hankali mafi muni a tarihinta. A Fabrairu da Mayun 2000, taƙaddama kan shirin aiwatar da shari'ar Musulunci ta jawo kisan mutane fiye da dubu. Bayan ƙura ta lafa, mazauna garin suka yi hijira a cikin garinsu. Musulmi suka tattara a arewacin kogin Kaduna, irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista suka koma kudu, irin su Sabon Tasha da Narayi da Television, har wasu suna kiran sassan biyu Makka da Ƙudus. Majalisar addinai ta ƙasa, NIREC, wadda aka kafa a 1999 ƙarƙashin shugabancin Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo da shugaban CAN, Sunday Mbang, tana nan a lokacin, amma muryarta daga Abuja take tashi, ba ta kai lungunan da ake wasa adda.

Gwajin yarjejeniyar ya zo ranar Asabar, 16 ga Nuwamba, 2002, cikin watan azumi. Jaridar ThisDay ta buga sharhin wata matashiyar 'yar jarida, Isioma Daniel, kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da Najeriya za ta karɓi baƙuncinta, kuma a ciki ta ambaci Manzon Allah (SAW) da kalaman da Musulmi suka ɗauka ɓatanci ne ƙarara. Jaridar ta nemi afuwa sau da yawa a shafinta na farko. Ranar Laraba, 20 ga wata, aka ƙona ofishinta na Kaduna. Washegari aka fara kashe-kashe, aka mai da martani, har zuwa ranar 23. Aka ɗauke gasar zuwa Landan, marubuciyar ta bar ƙasar. Binciken ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ya nuna cewa a cikin mamatan akwai da dama da jami'an tsaro ne suka harbe su, kuma ba a hukunta waɗanda suka shirya kisan ba.

Tsakanin fitowar sharhin da harin farko akwai kwana huɗu. A cikin waɗannan kwanaki fushi ya yi ta taruwa a masallatai da majalisu, kuma babu wani tsari da zai sa talakan Rigasa ya ji daga bakin fastocin garinsa cewa su ma ba su yarda da abin da aka rubuta ba. Da ya rasa wannan, sai ya ɗauki maƙwabcinsa Kirista a matsayin wakilin jaridar da ake bugawa a Legas. Shugabannin da suka sa hannu a Agusta sun san juna, amma yaransu ba su san juna ba, kuma ba a tanadi wanda zai kira wane ba idan abu ya taso da tsakar dare. Duk da haka an ga amfanin hukumomin addini a wani ɓangaren. Lokacin da mataimakin gwamnan Zamfara, Mamuda Aliyu Shinkafi, ya yi shelar halatta jinin marubuciyar, Jama'atu Nasril Islam ta ce gwamnatin jiha ba ta da hurumin ba da fatawa, gwamnatin tarayya ma ta yi watsi da shelar.

Bayan 2002, Ashafa da Wuye suka karkata ga waɗanda ke riƙe makami da hannunsu. Suka riƙa tara shugabannin matasa na ɓangarorin biyu a zama na kwanaki, kowane ɓangare ya faɗi abin da yake zargin ɗayan da shi, a amsa masa daga Alƙur'ani da Hadisi ko daga Littafi Mai Tsarki, a rabu da lambobin wayar juna. Suka horar da limamai da fastoci bibbiyu da za su sa ido a unguwanni, suna shiga rediyo da talabijin tare. Sun kai wannan salo Yelwan Shendam a jihar Filato bayan kisan 2004, inda aka ƙulla sulhu a Fabrairun 2005.

Jaridar Jyllands-Posten ta buga zanen nata a Satumban 2005, fushin kuma ya game duniyar Musulmi a farkon 2006. A Maiduguri, ranar 18 ga Fabrairu, taron nuna ɓacin rai ya rikiɗe, aka ƙona majami'u, aka kashe Kiristoci, har da wani limamin Katolika. Kwanaki kaɗan bayan haka aka far wa Hausawa 'yan kasuwa a Onica. A Kaduna kuwa, masu sulhu sun riga wutar isa. Sun nemi shugabannin Kirista su fito a kafafen watsa labarai su yi tir da zanen, suka fito, malaman Musulunci kuma suka karɓi wannan suka yi kira da a kwantar da hankali. Wannan mataki ya raba mai laifi da maƙwabci. Musulmi ya samu damar bayyana zafin da yake ji ba tare da an ce ya haɗiye shi ba, kuma ya ji da kunnensa cewa Kiristan garinsa bai goyi bayan cin mutuncin ba.

Adalci ya wajabta a ambaci sauran dalilai. Gwamnatin Makarfi ta riga ta rage wasu tsoffin ƙorafe-ƙorafe, ta ƙirƙiro masarautu ga ƙabilun kudancin jihar da suka daɗe suna neman fita daga ƙarƙashin Zazzau, ta kuma tsara kotunan shari'a da na gargajiya ta yadda kowa zai je inda ya dace da shi. An tsaurara tsaro a mahaɗun garin. Rabuwar unguwanni, duk da muninta, ta rage wuraren da za a yi arangama, mutanen Kaduna kuma sun gaji da binne gawa. Iyakar tattaunawar ta bayyana a Afrilun 2011, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya ci ɗaruruwan rayuka a jihar, musamman a Zonkwa da Kafanchan. Inda rigimar ta kujera ce ko ta ƙasa, sanarwar limami da fasto ba ta isa ba.

Yanzu kwana huɗun da aka samu a 2002 sun koma sa'o'i. Ranar 12 ga Mayu, 2022, ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato saboda wani saƙon murya da ta tura zauren WhatsApp na ajinsu. Fadar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan, Bishop Matthew Hassan Kukah ya roƙi Kiristoci su yi haƙuri, gwamnati ta sa dokar hana fita, kuma abin bai bazu zuwa wasu jihohi kamar na 1987 ba. Amma duk wannan ya zo ne bayan rai ya salwanta. A 2023 kuma, a garin dai, aka kashe wani mahauci Musulmi bisa irin wannan zargi, abin da ya nuna cewa hukuncin titi ba ya tambayar addinin wanda ya faɗa hannunsa. Dokar Final Kod ta Arewa ta tanadi hukunci ga mai cin zarafin addini tun 1960, kamar yadda ta tanada ga mai kisa, sai dai da wuya a ga an bi ko wanne har ƙarshe.

Tarihin Kaduna ya nuna abin da tattaunawa ke iyawa. Ba ta hana wani ya furta mummunar magana, kuma ba ta maye gurbin ɗan sanda da alƙali. Aikinta shi ne ta hana laifin mutum ɗaya zama laifin al'umma guda, kuma hakan yana yiwuwa ne kawai idan amanar ta riga fitinar zuwa, ta kuma sauka daga fadar gwamnati zuwa masallacin unguwa da ƙaramar majami'a da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ashafa da Wuye sun shafe fiye da shekara goma suna gina tasu kafin a ga amfaninta a 2006. Garuruwa da makarantu da yawa a Arewa har yau ba su fara ba, suna jiran ranar tafiya.