Katin ƙara gudu na Amiga

Katin ƙara gudu ɗan allon lantarki ne da ake sanya wa tsohuwar kwamfutar gida don ya karɓi aikin ƙwaƙwalwarta ta asali. An fi saninsa a wajen masu riƙe da Amiga, wadda kamfanin Commodore ya ƙera kafin ya durƙushe a 1994.

Amiga 500 ta 1987 ta zo da ƙwaƙwalwar Motorola 68000 mai gudun kusan megahaz 7. A da, kamfanin phase5 na Jamus ya yi suna da katunan Blizzard. Na yanzu sun sha bamban. Katin Vampire yana kwaikwayon ƙwaƙwalwar a cikin guntun FPGA. Shi kuwa PiStorm, sai a zare 68000 daga gurbinta mai ƙafa 64, a dasa allon a wurin, a ɗora masa ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi don ta karɓi aikin ƙwaƙwalwar. Jiki na da, zuciya sabuwa. Gudun kan ninka sau da yawa.

Sai dai gudun ba kullum yake zama alheri ba. Wasu wasannin an tsara su ne daidai da saurin asali, don haka sukan rikice ko su ƙi tashi. Manhajar WHDLoad ce ke gyara yawancinsu.